Rawutar 4G a gida da tsohuwar laftof mai Linux Mint: abin da na gani cikin wata biyar

Tambayar farko da yarinyar da ke bayan kanta ta yi mini ita ce, "Yallaɓai, wace Windows ce a kwamfutar taka?" Na ce mata ai ba Windows ba ce, Linux ce. Ta dube ni, ta waiga ta dubi abokin aikinta, sannan ta ce, "Gaskiya ba na jin za ta yi. Mu dai Windows da Mac muka sani." Da na biye mata da na koma gida hannu Rabbana. Na biya kuɗina na ɗauki rawutar, wato na'urar da ke ɗauko intanet ta layin waya ta raba wa na'urorin gida, kuma yau wata biyar ke nan tana ci a gidana ba dare ba rana.

Sana'ata fassara ce da buga takardu. Ina zaune a Rijiyar Zaki a Kano, aikina kusan duk ta intanet yake zuwa, ta nan kuma yake komawa. Laftof ɗina tokumbo ce, a Beirut Road na saye ta, ta haura shekara goma da ƙira, amma madannanta na da taushi kuma hannuna ya saba da ita. Da Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, sai na ga Windows 11 ba ta karɓar irin tawa, domin tana neman wani guntu na tsaro da ake kira TPM 2.0 da kuma furosesa ta kwanan nan. Kuɗin sabuwa kuwa babu. Ɗan yayata da ke karatun kwamfuta a jami'a ya zo hutun ƙarshen mako, ya ce, "Kawu, wannan ai da sauran ranta, bari in sa maka Linux Mint." Ya kawo ta a filas, kusan giga 3, ya kwashe mini takarduna gefe, kafin la'asar ya gama.

Ga wanda bai san ta ba: Linux babbar manhaja ce da ke tafiyar da kwamfuta, kamar dai Windows, sai dai ita a buɗe take, kowa na iya duba yadda aka rubuta ta, ya gyara, ya raba kyauta. Wani ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, shi ya faro ta a 1991. Mint ɗin da aka sa mini, ta jerin 22, an gina ta ne a kan wani nau'in Linux mai suna Ubuntu 24.04, kuma za a ci gaba da aiko mata gyaran tsaro har 2029. Abin da ya fara saye zuciyata ma ba intanet ba ne: a cikin jerin madannai akwai na Hausar Najeriya, da ƙ da ɗ da ɓ a zaune, ba sai na je ina kwafo su daga wata tsohuwar takarda ba kamar yadda na shekara da shekaru ina yi.

Kafin rawutar, da wayata nake ba kwamfutar data. Duk wanda ya yi wannan ya san wahalarsa. Waya ta yi zafi kamar dutsen guga, batir ya zube, idan aka kira ka ana tsakiyar tura fayil sai komai ya tsaya. Idan na fita masallaci ko kasuwa kuma, intanet ɗin gidan ya bi ni a aljihu. Maiɗakina tana sayar da turaren wuta da humra ta WhatsApp, babban ɗanmu yana shirin JAMB, kowa da nasa ɗan ƙunshin datar da yake saye daban. Bayan da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, sai na zauna da biro na haɗa abin da mu uku muke kashewa a wata. Lissafin ne ya kai ni shagon.

Zaɓin da nake da shi ba shi da yawa. Wayar faiba ba ta iso layinmu ba. Starlink, wanda ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, kuɗin faifansa kaɗai ya fi ƙarfin aljihuna, ban da na wata. Kano tana cikin birane bakwai da aka fara kunna 5G a 2022, amma na sa ɗan yayata ya zagaya gidan da wayarsa mai 5G, ko sau ɗaya alamar ba ta fito ba. Saura 4G. Ba zan kama sunan kamfanin ba, kuma da gangan ne: a garin nan layin da yake gudu a wannan lungu shi ne yake rarrafe a lungu na gaba, don haka sunan ba zai amfane ka da komai ba. Kafin ka biya ko sisi, ari layukan kamfanoni biyu ko uku ka gwada su a cikin ɗakin da za ka ajiye na'urar, da safe da kuma bayan isha'i. Ni ban yi na dare ba, za ka ji abin da ya biyo baya.

A shagon na'urori iri uku ne a jere, kuma a nan ne maganar yarinyar take da ɗan ƙamshin gaskiya. Akwai modam na USB da ake sokawa a jikin kwamfuta, akwai mifi na aljihu mai batir, akwai kuma rawutar tebur mai ƙofofin kebul a bayanta. Modam na USB shi ne ya ɓata wa Linux suna a wurin masu shaguna. Yawancinsu idan ka soka su ba sa bayyana a matsayin modam, sai su fito kamar faifan CD ɗauke da manhajar Windows da za ka girka. A Linux wannan manhajar ba ta da amfani. Amma an daɗe da magance wannan: akwai wata 'yar manhaja, usb_modeswitch, da ke aika wa modam ɗin umarni ya tuɓe rigar CD ya koma ainihinsa, daga nan ModemManager ya karɓe shi. Ina da wani tsohon modam a durowa tun zamanin 3G, na soka shi don gwaji kawai, bayan 'yan daƙiƙu Mint ta tambaye ni ƙasata da kamfanin layina. Ya yi aiki. Duk da haka ba zan ba kowa shawarar sayensa don gida ba, kwamfuta ɗaya yake ciyarwa, kuma sai tana kunne.

Rawuta kuwa ba ruwanta da abin da ke cikin kwamfutarka. Ita da kanta take magana da turken sabis, ita ke riƙe da layin, abin da take miƙo maka kawai Wi-Fi ne ko kebul, harshen da kowace na'ura take ji. Wannan shi ne abin da na so yarinyar ta gane, ban kuma ga laifinta ba, abin da aka koya mata ta faɗa. Wani abin dariya ma, da yawa daga cikin irin waɗannan rawutoci Linux ce a cikinsu, haka ita ma wayar Android da ke hannunta a kan Linux aka gina ta.

A cikin kwalin: rawutar, caja mai bolt 12, guntun kebul na LAN da bai fi kamu biyu ba, da 'yar takardar bayani. Layin da ke ciki sai da aka yi masa rajista da lambar NIN ɗina, aka ɗauki hotona da zanen yatsu, kamar kowane layin waya. Wannan ya ci mini kusan awa ɗaya saboda layin mutane. Takardar bayanin ba ta ce komai ba sai "sauke manhajarmu a wayarka." Ban sauke ba.

Na iso gida gab da magariba. Na jona ta, na jira fitilunta suka daina ƙiftawa, na soka guntun kebul ɗin a laftof. Kafin in gyara zama alamar haɗi ta fito a ƙasan allo. Ban girka komai ba, ban rubuta komai ba. NetworkManager, manhajar da ke kula da haɗi a Mint, ta nemi adireshi daga rawutar, aka ba ta, shi ke nan. Na buɗe Firefox, shafi ya buɗe. Wannan ɓangaren ba shi da wani labari.

Labarin yana wurin Wi-Fi. Tun ranar da aka sa Mint laftof ɗin ba ta ganin Wi-Fi ko ɗaya, mako biyu da kebul ɗin caja nake haɗa ta da waya. Katin Wi-Fi da ke cikinta na wani kamfani ne da bai saki direbansa, wato 'yar manhajar da ke sa katin ya yi aiki, a buɗe ba, don haka ba ya zuwa a kunne, sai an girka shi daban. Ka ga wanda ba shi da kebul ko waya ya shiga tsaka mai wuya: kana buƙatar intanet don ka sauko da abin da zai ba ka intanet, makullin ɗaki a cikin ɗakin da aka kulle. Ɗan yayata ya rantse mini ya girka direban kafin ya tafi, ta manhajar Driver Manager. To me ya faru? Da rawutar ta zo na kira shi, ya sa na karanto masa abin da ke allo, can sai ya ce, "Kawu, ranar da na tafi, da ka sake kunna ta, ba ka ga wani shuɗin allo ba?" Na gani mana. Na ɗauka lalacewa ce, na ƙyale shi ya wuce. Ashe wannan shuɗin allon shi ne ƙofar. Kwamfutocin da ke da tsarin tsaron da ake kira Secure Boot a kunne ba sa yarda su loda direban da ba su san sa hannunsa ba, sai mai kwamfutar ya tabbatar da makullin da kansa a wannan allon, wanda daƙiƙa goma kacal yake jira ka danna wani abu. Ni kuwa na naɗe hannu ina kallonsa.

A daren nan hanya mai sauƙi na bi: na shiga BIOS, saitin da ake shiga tun kafin Linux ta tashi, na kashe Secure Boot, na sake kunnawa, sai ga sunayen Wi-Fi na maƙwabta sun jeru. Yaron bai ji daɗi ba, da ya zo hutu ya mayar da shi ya shigar da makullin yadda ya kamata. Ya kuma ja mini kunne cewa kalmar sirrin da ake sa wa wannan allon gara ta zama lambobi zalla, domin a can madannan Turancin Amurka ne ke aiki, ba na Hausar da na zaɓa ba. Idan za ka sa Linux a tsohuwar laftof, ka gwada Wi-Fi tun tana gudana daga filas kafin a girka, kuma kada ka yar da filas ɗin, Driver Manager na iya ɗauko wasu direbobin daga cikinsa ba tare da intanet ba.

Matsala ta biyu daga ɓangaren kwamfutar ƙarama ce amma mai ban haushi. Lokaci zuwa lokaci Wi-Fi ɗin sai ya yi kamar ya yi gyangyaɗi, musamman idan na cire caji. Dalilin tsarin tattalin batir ne. A cikin /etc/NetworkManager/conf.d akwai fayil mai layin wifi.powersave = 3, na mayar da 3 ɗin 2, na sake kunna kwamfutar, gyangyaɗin ya tafi. Iyakar abin da zan iya ɗora wa ɓangaren Linux ke nan cikin wata biyar. Duk sauran ciwon kan daga waje ya zo.

Abin da na fi yaba wa rawutar shi ne shafinta na saiti. Ba ka buƙatar manhajar waya. Buɗe tamina, tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, ka rubuta ip route, lambar da ta biyo bayan default via ita ce adireshin rawutar, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 ko 192.168.8.1, kuma an rubuta shi a takardar da ke manne a ƙarƙashinta. Sa shi a burauza ka shiga. Abu na farko da na yi shi ne canja kalmar sirrin shiga shafin, domin wadda ta zo da ita kowane yaro mai gyaran waya a Farm Centre ya haddace ta. Sai na canja sunan Wi-Fi da kalmarsa, na tabbatar tsaron yana kan WPA2, na kashe WPS. A nan ne kuma ake karanta saƙonnin tes da ke shigowa layin, har da lambar tabbatarwa idan za ka sayi data. Shafin ba shi da kyan gani, Turancinsa ma a karye yake a wasu wuraren, amma duk abin da nake nema yana nan.

A wannan shafin na gano abin da ya fi kowane saiti amfani. Sandunan sabis da ke jikin rawutar yaudara ce, uku suke nunawa kusan ko'ina. Amma a ciki akwai lambobi biyu, RSRP da SINR. Ta farko ƙarfin siginar da ke isowa daga turke ce, ana rubuta ta da alamar ragi, kuma gwargwadon kusancinta da sifili gwargwadon kyanta: wajen -80 lafiya lau, idan ta gangara ƙasa da -100 an fara wahala. Ta biyu tsabtar siginar ce daga hayaniya, ita kuma ana son ta yi sama. A kan teburin aikina, inda na fara ajiye ta don guntun kebul ɗin ya kai, -108 na gani. Ranar wata Asabar na ɗauki rawutar da doguwar wayar wuta ina zagaya gida da ita ɗaki ɗaki, ɗana yana biye da ni da laftof yana karanto lambobi, maiɗakina tana tsakar gida tana dariya, wai, "Malam, yau kuma rukiyya ake yi wa gidan?" A kicin ta fi muni. A falo kusa da talabijin babu bambanci. Sai a saman kabad ɗin ɗakin yara, dab da tagar da ke kallon gabas, lambar ta koma -91, SINR ɗin ma ta ɗaga. Bangon bulo biyu ne kawai tsakanin wurin da teburina, amma gudun ya ninka fiye da sau biyu. Nan na bar ta. Na sayo kebul na LAN mai mita 15 aka bi da shi ta gefen silin zuwa teburina, kuma har yau idan zan tura babban aiki da kebul nake yi, ba Wi-Fi ba.

Gudun fa? Bayan sallar asuba ina samun wajen megabit 30 a daƙiƙa, wani lokaci fiye. Da hantsi zuwa la'asar yana yawo tsakanin 12 da 20, wanda ya ishe ni taron bidiyo da tura takardu. A kula, megabit ba megabayit ba ce, sai ka raba da takwas: megabit 16 na nufin fayil yana sauka da megabayit 2 a daƙiƙa. Mutane da yawa suna ganin wannan a allon saukewa su ɗauka an cuce su. Inda aka cuce ni da gaske, ko in ce inda na cuci kaina da ban gwada ba, shi ne dare. Daga bayan isha'i zuwa wajen sha ɗaya gudun yana faɗowa 3, wani daren ma ƙasa da haka. Lambobin sigina ba sa canjawa, suna nan daram. Turken ne ya cika, duk unguwa an dawo gida an kama waya, kuma rijiya ɗaya muke ja. Babu saitin Linux ko na Windows da zai gyara wannan. Na mayar da manyan saukewa da sabunta manhajoji zuwa asuba, na huta.

A makonnin farko duk lokacin da intanet ya tsaya sai zuciyata ta tafi kan maganar yarinyar shago, in ce ko dai Linux ɗin ce. Ɗan yayata ya koya mini gwaji uku da suka raba ni da wannan zargi. Da farko ka yi ping zuwa adireshin rawutar, wato ka rubuta ping da adireshin a tamina ka ga ko za ta amsa: idan ba ta amsa ba, matsalar tana cikin gidanka, kebul ne ko Wi-Fi. Idan ta amsa, ka yi ping 1.1.1.1: idan shiru, daga rawutar zuwa waje ne, wato kamfani. Idan wannan ma ya amsa amma shafuka ba sa buɗewa da sunansu, to DNS ne, littafin da ke fassara suna zuwa lamba. Wannan na ukun ya faru da ni sau da dama a wata na biyu, sai na shiga saitin haɗin a NetworkManager na sa 1.1.1.1 na Cloudflare da 9.9.9.9 na Quad9 a madadin na kamfanin, tun daga nan bai sake ba. Wani lokaci kuma abin ya fi ƙarfin kamfanin kansa. Masu tunawa za su tuna 14 ga Maris 2024, cikin azumi, da wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da intanet suka rikice kwana da kwanaki. A ranar na kusa wanke wayata gaba ɗaya don na ɗauka ita ce ta lalace.

Yanzu ga inda raina ya ɓaci. Ƙunshin da na saya an rubuta masa "mara iyaka" da manyan haruffa. A rana ta goma sha tara intanet ya koma tafiyar hawainiya, da asuba ma haka. Gwajin nan uku duk suna amsawa, amma hoto ɗaya sai ya yi minti yana sauka. Na shiga akwatin saƙon rawutar, sai ga tes: na cinye kason da aka ware mini na cikakken gudu, za a rage mini har ƙarshen wata. Ashe mara iyakar tana da iyaka, an rubuta ta da ƙananan haruffa a shafinsu, kuma babu wanda ya ambata mini a shago. Ba a yanke ka ba, gaskiya ne, amma abin da aka bar maka bai wuce saƙon WhatsApp ba. Tsugune ba ta ƙare ba ke nan. Duk wanda zai saya ya tambayi lamba: giga nawa kafin a rage gudu, kuma zuwa nawa ake ragewa. Idan mai shago ya ce babu, ya nuna maka a rubuce.

Na kira layin taimakonsu kan wannan, kuma a nan na yi kuskuren ambaton Linux. Saurayin da ya ɗauka mai ladabi ne, amma takarda yake karantawa. "Yallaɓai, ka je Control Panel." Na ce babu shi a nan. Ya ce to matsalar daga kwamfutata ce, in kai ta wurin mai gyara. Na kashe na sake kira, wata ta ɗauka, wannan karon ban ce uffan kan kwamfuta ba. Na ce mata wayoyi uku da talabijin duk abu ɗaya suke yi, ga lambar layin, ga abin da shafin rawutar ke nunawa. Cikin minti biyu ta tabbatar mini da maganar kason. Tun daga ranar idan zan kira su da harshen rawuta nake magana.

Da farko na zargi sabuntawar Mint da shanye datar. Na girka vnstat, 'yar manhaja ce da ke ƙirga abin da ya shiga da abin da ya fita ta kowace ƙofa, kullum da kowane wata. Na kuma yi wa haɗin alamar cewa data ce ta awo, da umarnin nmcli connection modify, sai sunan haɗin, sai connection.metered yes, domin manhajojin da ke mutunta wannan alamar su rage ɗibar da suke yi a ɓoye. Bayan wata guda na duba: laftof ɗina, da duk aikin fassarar da tarukan bidiyo, ba ta ci ko kashi ɗaya cikin biyar na abin da gidan ya sha ba. Mint ba ta sauke sabuntawa sai na ce ta yi, tana nuna mini girman kowace kafin in yarda, sai dai manhajojin da ke zuwa a wani irin ƙunshi mai suna Flatpak da kan zo da nauyi, waɗannan nakan bar su sai asuba ko farkon wata. Ɓarayin na gaskiya suna cikin jerin na'urorin da ke shafin rawutar: talabijin da ƙananan yara ke kallon YouTube a mafi girman inganci, wayar mai shirin JAMB da ta fi sanin TikTok fiye da tambayoyin baya, da wasu wayoyi biyu da ban san masu su ba. Bincike ya nuna autarmu ce ta karanta wa 'ya'yan maƙwabta kalmar sirri, da zuciya ɗaya. Na canja kalmar, na rage ingancin bidiyon talabijin zuwa 480, na buɗe Wi-Fi na baƙi daban wanda nake kunnawa idan an yi baƙi. Watanni biyun da suka wuce kason ya kai mu har ranar ashirin da takwas.

Sai wuta. Rawutar tebur ba ta da batir, ana ɗauke wuta take mutuwa, idan an kawo kuma sai ta ɗauki minti biyu tana neman turke. Ana tsakiyar taro da mai ba ka aiki wannan abin kunya ne. Da yake bolt 12 take ci kuma ba ta da haɗama, na sayo ƙaramin UPS irin na rawuta, girmansa bai fi littafin aljihu mai kauri ba, yana riƙe ta awanni. Ka duba bolt da girman bakin cajar kafin ka saya, ba duka suke shiga juna ba. Na ɗauki wannan a matsayin wani ɓangare na kuɗin rawutar, bai kamata a lissafa shi daban ba. Da zafi ya fara shigowa kuma na lura saman kabad ɗin yana ɗaukar zafin kwano da rana, sau biyu ta sake kunna kanta da azahar. Na ɗora ta a kan wasu 'yan katakai biyu don iska ta riƙa bi ta ƙasa, na kawar da littattafan da ke jingine da ita. Kurar hunturu ma sai an riƙa kaɗe ta daga ramukan iskar.

Abu ɗaya da na so ban samu ba: in riƙa shiga laftof ɗin gida daga waje idan na yi tafiya. Kamfanin ba ya ba kowane gida adireshinsa na kansa a intanet, gidaje da yawa ne a bayan adireshi ɗaya, abin da masana ke kira CGNAT. Buɗe ƙofar shigowa daga waje a saitin rawutar ba ya amfani a irin wannan. Ga yawancin mutane wannan ba komai ba ne, amma mai son kyamarar tsaro ko 'yar sabar gida ya sani tun wuri.

Zan sake saya? E, zan sake, ga gida irin nawa da faiba ba ta zo ba. Kuɗin da muke kashewa a wata ya ragu a kan na da, wayata ta huta, kasuwancin turare ba ya tsayawa don na fita. Rawutar kanta na ba ta yabo, shafin saitinta da ƙofofin kebul ɗinta sun biya kuɗinsu. Kamfanin kuwa rabin yabo ne, saboda daren da ba ya gudu da kuma "mara iyakar" nan. Wanda aikinsa na dare ne, ko mai tura manyan bidiyo, ya yi tunani sau biyu. Wanda kuma yake da rawuta mai ramin eriyar waje a bayanta, kamar tawa, yana da sauran dabara ɗaya: ɗan yayata ya ce idan aka kafa eriya a saman rufi aka juya ta wajen wani turken da bai cika cunkoso ba, daren zai iya gyaruwa. Ina tara kuɗinta.

Makon jiya ina dawowa daga masallacin Juma'a na ga ana haƙa dogon rami a bakin babban titi, ya nufo wajen layinmu. Gabana ya faɗi don murna, na tsayar da babur na yi wa leburorin sallama, na ce, "Sannunku da aiki, wayar intanet ce za a binne?" Babbansu ya share gumi ya ce, "A'a Alhaji, kwalbati ce."